Gerald Moore: Makaɗin fiyanon da ya ƙwato wa masu raka mawaƙa daraja

A daren 20 ga Fabrairun 1967, zauren Royal Festival Hall da ke Landan ya cika maƙil. Manyan mawaƙan Turai uku ne suka hau dandamali: Elisabeth Schwarzkopf da Dietrich Fischer-Dieskau daga Jamus, da Victoria de los Ángeles daga Sifaniya. Amma ba don su aka taru ba. An zo ne domin yin bankwana da dattijon da ya shafe shekara fiye da 40 yana zaune a bayan mawaƙa, yana raka muryoyinsu da fiyano. Sunansa Gerald Moore.

An haife shi ranar 30 ga Yulin 1899 a garin Watford na ƙasar Ingila. Yana ɗan shekara 13 iyayensa suka yi ƙaura zuwa Toronto a Kanada, inda ya ci gaba da koyon fiyano a hannun Michael Hambourg. Neman abin sakawa a bakin salati ya kai shi gidan sinima a zamanin da finafinai ba su da magana, aikinsa shi ne ya riƙa kiɗa daidai da abin da ke gudana a majigi. A 1919 ya koma Ingila, ya yi karatu a wurin Mark Hambourg, ɗan malaminsa na Toronto. Wani jagoran makaɗa, Landon Ronald, shi ya ba shi shawarar ya rungumi sana'ar raka mawaƙa maimakon fafutukar zama tauraro mai kiɗa shi kaɗai.

A lokacin, wannan shawara ba abar alfahari ba ce. Ana kallon mai rakiya a matsayin wanda ya gaza zama gwani, ladansa bai taka kara ya karya ba, sau da yawa ma ba a rubuta sunansa a jikin faifai. Moore ya naɗi faifansa na farko a 1921 a kamfanin HMV, tare da Renée Chemet, mai kaɗa gogen Turawa. Ba a fara naɗa da makirufo ba tukuna, don haka dole makaɗi ya riƙa dukan fiyano da ƙarfi kafin na'ura ta kama sautinsa.

Wanda ya sauya masa tunani shi ne mawaƙi John Coates, da suka fara aiki tare a 1925. Coates mutum ne marar sassauci, yakan tsare shi suna maimaita waƙa ɗaya har sai kowane sauti ya zauna a gurbinsa. A hannunsa Moore ya gane cewa rakiya ilimi ne mai zaman kansa. Mai rakiya sai ya san ma'anar baitukan da ake rerawa, ko da Jamusanci ne ko Faransanci. Sai ya san inda mawaƙi zai ja numfashi, ya jira shi ba tare da mai sauraro ya lura ba. Idan muryar mawaƙi ta dishe, sai ya sauke waƙar zuwa ƙaramin sauti. Idan mawaƙi ya tsallake baiti, sai ya bi shi ya rufa masa asiri.

Ya kuma nuna cewa a waƙoƙin su Schubert da Schumann da Brahms da Wolf, fiyano ba ado ba ne, rabin labarin yana hannunsa. A wata waƙar Schubert fiyano ne ke kwaikwayon sukuwar doki cikin dare, a wata kuma shi ne jujjuyawar keken kaɗi na wata budurwa mai begen masoyinta. Idan makaɗin ya yi sakaci, komai daɗin murya waƙar ta tashi a tutar babu.

A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, Myra Hess, wadda ke shirya kiɗan rana a gidan adana zane-zane na ƙasa a Landan, ta gayyace shi ya yi wa jama'a bayanin sana'arsa. Sai ga shi ashe mai iya magana ne da barkwanci. Daga nan ya wallafa littafinsa The Unashamed Accompanist a 1943, wanda sunansa ke shelar cewa ba ya jin kunyar zama ɗan rakiya. A 1962 ya fitar da tarihin rayuwarsa, Am I Too Loud?, sunan da ya ɗauko daga tambayar da kowane mai rakiya ke yi, ko kiɗansa na danne muryar mawaƙi. A 1954 aka ba shi lambar girma ta CBE.

Da wuya a ambaci wani babban mawaƙi na zamaninsa da bai raka ba. Ya yi aiki da Feodor Chaliapin na Rasha, da Elisabeth Schumann, da Hans Hotter, da Janet Baker, da Kathleen Ferrier wadda ciwon daji ya yi ajalinta a 1953 tana da shekara 41. A 1951 ya fara naɗar faifai da Fischer-Dieskau, wanda ya girme wa da shekara kusan 26, zumuncin da ya ɗore fiye da shekara 20.

A daren bankwanan, bayan mawaƙan uku sun gama, Moore ya zauna shi kaɗai ya kaɗa wata waƙar Schubert ta godiya ga kiɗa, ba tare da muryar kowa ba. Ya bar dandamali, amma bai bar ɗakin naɗa ba: shi da Fischer-Dieskau sun naɗa wa kamfanin Deutsche Grammophon waƙoƙin Schubert fiye da 400, aikin da suka kammala a 1972.

Ya rasu ranar 13 ga Maris 1987 a Penn da ke yankin Buckinghamshire, yana da shekara 87. A yau, idan aka buga sanarwar taron waƙa ko aka fitar da faifai, sunan mai fiyano yana nan kusa da na mawaƙi, kuma manyan makarantun kiɗa na koyar da rakiya a matsayin fanni na musamman. Masu wannan sana'a na ɗaukar Moore a matsayin wanda ya share musu hanya.