Marigayi Sarkin Kabi Muhammadu Sama

Muhammadu Sama ya hau gadon sarautar Argungu a 1920. A 1934 ya karɓi baƙuncin Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu, bayan doguwar gaba tsakanin Kabawa da Sakkwato. Don girmama baƙonsa, ya sa masunta suka faɗa ruwa da homa da gora. Daga nan bikin kamun kifi ya samo asali.

Bikin ya ɗoru kan tsohuwar dokar Kabawa: ba mai taɓa kifin Matan Fada sai Sarkin Ruwa ya ba da izini, kifi ya samu ya hayayyafa. Darasin da muka haddace ke nan a ajin kimiyya, alhali kakanninmu sun riga mu. A 2016 UNESCO ta sanya bikin cikin al'adun duniya na gado. Allah ya jiƙansa.