Agatha Christie, marubuciyar da ta kai kisan kai teburin shayi

Duk wanda ya leƙa shagon littattafai a Faransa ko Amurka cikin ƴan shekarun nan zai ga wani irin littafi mai hoton kek ko kofin shayi a bango, amma sunansa na maganar kisa. Labaran kusan hanya ɗaya suke bi. Wata mata tana da shagon kayan zaƙi a ƙaramin garin da kowa ya san kowa. Sai a wayi gari an tsinci gawa, ƴan sanda su rasa bakin zaren, ita kuwa tana kwaɓa fulawa tana sauraron hirar masu saye har ta gano wanda ya aikata. Ba a nuna jini, kuma akwai raha. A shekarar 2000 Ba'amurkiya Joanne Fluke ta fara jerin labaran Hannah Swensen, mai shagon biskit a wani ƙagaggen gari na jihar Minnesota, tana ma saka bayanin yadda ake haɗa kayan zaƙin a tsakanin babi da babi. Kafin ita, a 1992, M. C. Beaton ta Birtaniya ta fitar da labarin farko na Agatha Raisin, wanda masu karatun Faransanci suka sani da La Quiche fatale.

Tushen wannan salo yana komawa ga wata mata da ta rasu tun 1976, wadda ta koyi sirrin guba a ɗakin haɗa magani, ta kuma ɗanɗana cin amana a cikin gidanta.

Yarinyar da ba a sa makaranta ba

An haifi Agatha Mary Clarissa Miller ranar 15 ga Satumba, 1890, a Torquay, wani gari na bakin teku a yankin Devon da ke kudu maso yammacin Ingila. Ita ce auta cikin ƴaƴa uku. Mahaifinta Frederick Ba'amurke ne mai cin gado, mahaifiyarta Clara kuma ba ta so a koya mata karatu da wuri. Yarinyar ba ta jira ba, ta koya wa kanta tun tana kimanin shekara biyar. A gida ta yi yawancin karatunta. Faransanci kuwa ta same shi ne tun tana ƙarama, lokacin da kuɗi suka ja baya iyalin suka ba da hayar gidansu suka je suka ɗan zauna a Faransa, inda rayuwa ta fi sauƙi.

Mahaifin ya rasu a 1901, tana da shekara 11, ya bar su cikin ƙunci. Da ta zama budurwa aka tura ta Paris koyon fiyano da waƙa, amma kunya ta hana ta tsayawa gaban jama'a, muryarta kuma ba ta kai ƙarfin da ake buƙata ba. Ranar 24 ga Disamba, 1914, watanni kaɗan bayan ɓarkewar Yaƙin Duniya na Farko, ta auri wani matuƙin jirgin saman soja mai suna Archie Christie. Daga gare shi ta samu sunan da duniya ta san ta da shi.

Darasin ɗakin magani

Da mijin ya koma fagen fama, Agatha ta ci gaba da aikin jinyar sojoji a asibitin da aka buɗe a Torquay. Daga baya aka mayar da ita ɗakin haɗa magunguna, ta kuma ci jarrabawar mataimakan masu haɗa magani a 1917. A wancan zamani da hannu ake auna magani ana haɗawa, kuma a kan kanta guda ake jera abin da ke warkarwa da abin da ke kashewa. Sau da yawa ma abu ɗaya ne, yawan da aka auna ne ya bambanta.

A nan ta rubuta littafinta na farko a 1916, bayan yayarta Madge ta taɓa cusa mata cewa ba za ta iya ba. Littafin, wanda ake kira La Mystérieuse Affaire de Styles da Faransanci, labarin wata attajirar tsohuwa ce da aka kashe da gubar sitiriknin a gidanta. Mai binciken kuwa Hercule Poirot ne, tsohon ɗan sandan Beljiyam mai gashin baki da son tsari. Ta samo shi ne daga ƴan gudun hijirar Beljiyam da yaƙi ya koro zuwa garinsu. Kamfanonin ɗab'i da dama sun ƙi littafin kafin John Lane ya buga shi a 1920, kuma fam 25 kacal ta samu a kai.

Zaɓen guba ya tsara duk aikinta na gaba. Mai harbi da bindiga yana iya zama baƙo daga nesa. Mai saka guba a shayi kuwa dole ya san kofin da mutum ke sha da lokacin da yake sha, dole kuma a yarda da shi ya shiga madafa. Ba ya buƙatar ƙarfi, don haka tsohuwa da ƴar aiki da likita duk suna iya zama abin zargi. Shi ya sa a yawancin littattafanta mai laifin yana zaune ne a tebur guda da wanda aka kashe.

Kwana goma sha ɗaya

Shekarar 1926 ta zo mata da daɗi da ɗaci. Littafinta kan kisan Roger Ackroyd ya fito ya girgiza masu karatu, har shekara guda bayan haka Albert Pigasse ya buɗe jerin littattafan Le Masque masu rawayan bango a Paris da fassararsa. Amma a watan Afrilu mahaifiyarta ta rasu, a watan Agusta kuma Archie ya shaida mata cewa yana son wata mai suna Nancy Neele, yana neman su rabu. Lokacin ƴarsu ɗaya tilo, Rosalind, tana da shekara bakwai.

Daren 3 ga Disamba Agatha ta fita da motarta ba ta dawo ba. Washegari aka ga motar a yashe a Newlands Corner, cikin gundumar Surrey. Ƴan sanda fiye da dubu da dubban ƴan sa kai suka bazu nema, jaridu kuma suka fara nuna mijin da yatsa. Sai ranar 14 ga wata aka same ta a wani otal a Harrogate, can arewacin Ingila, ta yi rajista da sunan Neele, wato sunan matar da ta ƙwace mata miji. Likitoci suka ce mantuwa ce ta kama ta. Wasu jaridu suka ce talla ce, wasu suka ce ramuwa ce. Ita dai ba ta buɗe zancen ba a tarihin rayuwarta da ta rubuta da hannunta. Auren ya mutu a 1928, kuma tun daga nan ta riƙa gudun ƴan jarida har ƙarshen ranta.

Tsohuwar da ke saƙa

Shekara guda bayan wannan tashin hankali, a Disambar 1927, wata mujalla ta buga gajeren labarin da Miss Jane Marple ta fara bayyana a ciki. Tsohuwa ce da ba ta taɓa aure ba, tana zaune a ƙauyen St Mary Mead, aikinta saƙa da kula da lambu. A labarin, lauya da limamin coci da marubuci duk sun kasa warware wani kisa, ita ce ta gano cewa an saka gubar ne a cikin ƴan ƙwayoyin sukarin da ake barbaɗawa a kan kayan zaƙi. Ta gano ne don ta san aikin madafa, ta kuma san halin ƴan aiki.

Agatha ta ɗauko halinta ne daga kakarta da ta riƙe mahaifiyarta da kuma ƙawayen kakar, tsofaffin da kullum suke zaton mafi muni daga mutane, kuma galibi zatonsu ya tabbata. Dabarar Miss Marple ɗaya ce: duk wanda ta gani sai ya tuna mata da wani a ƙauyensu, mahauci ko mai shago ko ƴar aikin maƙwabta, domin a ganinta halin ɗan Adam ɗaya ne a ƙauye da birni. Mutane suna sakin baki a gabanta don sun raina ta. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gan shi ba. Littafinta na farko cikakke, L'Affaire Protheroe, ya fito a 1930, ta kuma bayyana a littattafai 12 da gajerun labarai 20.

Abinci bai taɓa nisa da waɗannan labarai ba, ita kanta marubuciyar ba ta shan giya ko taba, amma tana son kirim ɗin madara mai kauri na Devon. A Un meurtre sera commis le... na 1950, an yi wa wata baiwar Allah kek ɗin cakulan na ranar haihuwa, kuma muhimmiyar hira ta gudana ne a wani shagon shayi na ƙauye. A Une poignée de seigle na 1953 ta abincin karin kumallo gubar ta shiga. A Les Indiscrétions d'Hercule Poirot, shi ma na 1953, akwai wata mata da yaƙi ya rufe wa ɗan shagon shayinta, ba ta da zance sai na ranar da za ta sake buɗe shi. Duk abin da marubutan shagon kek na yau suke amfani da shi yana cikin waɗannan littattafai.

Rayuwa ta biyu

Bayan mutuwar aure ta hau jirgin ƙasa na Orient-Express ita kaɗai zuwa Santambul, daga nan ta wuce Bagadaza da kufan birnin Ur. A ziyara ta biyu ta haɗu da Max Mallowan, masanin tonon kayan tarihi wanda ta girme shi da shekara 13. Suka yi aure a Satumbar 1930, suka zauna tare shekara 45. Ta riƙa bin sa wuraren tono a Iraƙi da Siriya, tana ɗaukar hotuna, tana goge sassaƙen hauren giwa na Nimrud da man shafawarta na fuska. Daga waɗannan tafiye-tafiye ne Le Crime de l'Orient-Express na 1934 da Mort sur le Nil na 1937 suka fito.

A Yaƙin Duniya na Biyu ta koma ɗakin magani a wani asibitin koyarwa na Landan, inda ta san gubar taliyam. Ta yi bayanin alamominta dalla-dalla, har da zubewar gashi, a Le Cheval pâle na 1961. A 1977 wata ma'aikaciyar jinya a Landan da ke karanta littafin ta gane waɗannan alamomi a jikin wata jaririya ƴar Katar da likitoci suka kasa gano ciwonta, aka ceci ranta.

Akwai kuma abin da mai karatu ɗan Afirka ba zai tsallake ba. Agatha ƴar zamanin mulkin mallaka ce, kuma raini ga baƙar fata da Larabawa da Yahudawa yana leƙowa a wasu shafukanta. Littafinta da ya fi kowanne kasuwa ya fito a 1939 da suna mai ɗauke da kalmar wulaƙanci ga baƙar fata. Amurka ta canza sunan tun 1940, amma a Faransa sai 2020 aka mayar da shi Ils étaient dix, da amincewar iyalinta.

Ta rubuta littattafan bincike 66 da tarin gajerun labarai 14, da wasu littattafai shida da ta sa wa sunan aro Mary Westmacott. Wasan kwaikwayonta La Souricière, wanda aka fara nunawa a Landan ranar 25 ga Nuwamba, 1952, bai tsaya ba sai da annobar korona ta rufe gidajen wasa a 2020, ya kuma ci gaba a 2021. An ƙiyasta cewa an sayar da littattafanta kimanin biliyan biyu. Sarauniyar Ingila ta ba ta lambar Dame a 1971.

Ta rasu ranar 12 ga Janairu, 1976, a gidanta da ke Wallingford, tana da shekara 85, aka binne ta a Cholsey. Labarin ƙarshe na Miss Marple ya fito bayan ƴan watanni. Ta rubuta shi ne tun shekaru da dama kafin nan, ta ajiye a ma'ajiyar banki tare da labarin ƙarshe na Poirot, ta ba mijinta haƙƙin ɗaya, ƴarta Rosalind kuma ɗayan. Wanda ya saba da littattafan shagon kek na yau yake son ganin inda suka samo asali, ya fara da L'Affaire Protheroe, ya kuma lura da wanda ke zuba shayin.