Josef Stefan: Masanin da ya lissafa daskarewar ruwa

An haifi Josef Stefan ne a ranar 24 ga watan Maris na shekarar 1835, a wani ƙauye kusa da birnin Klagenfurt na ƙasar Ostiriya.

Iyayensa talakawa ne 'yan asalin Slobeniya. Mahaifinsa yana aiki a gidan niƙa, mahaifiyarsa kuwa 'yar aikin gida ce.

Ya shiga Jami'ar Vienna a shekarar 1853, kuma bayan shekaru goma ya zama farfesa a wannan jami'a.

An fi saninsa ne da aikinsa na 1879, lokacin da ya gano dangantakar da ke tsakanin zafin abu da yawan ɗumin da yake fitarwa. Da wannan ƙa'ida ya ƙiyasta cewa zafin fuskar rana ya haura digiri 5,400 a ma'aunin Salsiyus.

Sirrin ƙanƙara

A shekarar 1889 Stefan ya mai da hankali kan yadda ƙanƙara ke ƙara kauri a tekunan da ke ƙuryar arewacin duniya, inda ya yi amfani da alƙaluman da matafiya suka tattaro daga can.

Wuyar lissafin ita ce, iyakar da ke tsakanin ruwa da ƙanƙara ba ta tsayawa wuri guda. Kullum matsawa take yi.

Ya nuna cewa kafin ruwan ƙasa ya daskare, sai ɗuminsa ya ratsa ƙanƙarar da ke samansa. Saboda haka ƙanƙarar kan zame wa ruwan tamkar bargo.

Shi ya sa idan kwanakin sanyi suka ninka sau huɗu, kaurin ƙanƙarar sau biyu kawai yake ninkawa.

Har yanzu masana na kiran irin wannan lissafi da suna matsalar Stefan, kodayake wasu Faransawa biyu, Lamé da Clapeyron, sun taɓo batun tun a 1831.

A kan wannan tushe ne ake nazarin yadda narkakken ƙarfen da aka gauraya da wasu ma'adinai ke daskarewa, da yadda ruwan teku ke fitar da gishirinsa idan ya zama ƙanƙara. Hasashen makomar ƙanƙarar teku a wannan zamani na ɗumamar yanayi ma ya dogara da irin wannan lissafi.

Stefan ya rasu a Vienna a ranar 7 ga watan Janairu na 1893, yana da shekaru 57. Babbar cibiyar binciken kimiyya ta ƙasar Slobeniya tana ɗauke da sunansa.