Sheikh Abubakar Mahmud Gumi: Alƙalin Da Ya Kai Tafsiri Cikin Gidaje

An haifi Sheikh Abubakar Mahmud Gumi a garin Gummi a farkon shekarun 1920, lokacin da garin yake ƙarƙashin Lardin Sakkwato. A yau kuwa yana yammacin Jihar Zamfara. Mahaifinsa, Malam Mahmud, alƙali ne kuma malami, a wurinsa ya fara karatun Alƙur'ani da fiƙihun Malikiyya. Daga nan ya shiga makarantar boko a Dogon Daji, ya wuce Midil ta Sakkwato, sannan Makarantar Shari'a ta Kano, inda ya kammala a 1947.

A Maru, inda ya koyar a kwalejin horar da malamai tare da Malam Aminu Kano, aka fara ganin halinsa. Ya tarar limamin garin yana yin taimama alhali ga ruwa, sai ya hana ɗalibansa bin sa salla, har maganar ta kai fadar Sarkin Musulmi. Mas'alar ƙarama ce a ido, amma a cikinta muke ganin tambayar da ya rayu a kanta: idan al'adar da aka gada ta saɓa wa nassi, wanne za a bi?

Bayan ƙarin karatu a Bakhtur Ruda ta Sudan da aikin kula da alhazai a Jidda, ya zama Alƙalin Alƙalan Arewa a 1962. A wannan shekara ce aka kafa Jama'atu Nasril Islam, yana cikin manyan mashawartan Sardauna Ahmadu Bello. Bayan kisan Sardauna a 1966 da rarraba Arewa zuwa jihohi, sai ya ƙara mayar da hankali ga karantarwa.

Tafsirinsa na azumi a Masallacin Sultan Bello na Kaduna, wanda Rediyon Kaduna yake watsawa, ya sauya yadda ilimi ke isa ga jama'a. A da sai wanda ya durƙusa a zauren malami yake jin ma'anar aya. Yanzu ga matar aure a ɗakinta, ga direba a kan hanya, kowa yana sauraro cikin Hausa mai sauƙi. Ya ƙara da fassarar ma'anonin Alƙur'ani zuwa Hausa, da tafsirinsa na Larabci, Raddul Azhan.

A 1972 ya fitar da Al-Aƙidatus Sahiha, inda ya soki wasu aƙidu da ayyukan ɗariƙun Ƙadiriyya da Tijjaniyya, yana ganin bidi'a ne. Malaman ɗariƙa, irin su Sheikh Nasiru Kabara da Sheikh Ɗahiru Usman Bauchi, sun mayar da martani da nasu hujjojin a rubuce da kuma a majalisun tafsiri. A 1978 almajirinsa Sheikh Isma'ila Idris ya kafa ƙungiyar Izala a Jos. Saɓanin ya yi zafi: masallatai sun rabu, a wasu gidaje ɗa ya daina bin mahaifinsa salla. Sai dai ɓangarorin biyu sun koma ga littattafai, makarantun Islamiyya sun yawaita, mata kuma sun sami ƙofar karatun da shi kansa ya daɗe yana kira a buɗe musu.

An ba shi lambar Sarki Faisal ta hidimar Musulunci a 1987. Ya rasu a Landan ranar 11 ga Satumba, 1992, aka yi jana'izarsa a Kaduna.

Masoyansa da masu saɓa masa duk sun shaide shi da rashin tara abin duniya da rashin tsoron faɗin abin da ya fahimta. Mu da muka gaji wannan muhawara, nauyin da ke kanmu shi ne mu nemi hujja kafin mu yi hukunci, mu kuma kiyaye zumunci yayin da muka saɓa. Allah Ya jiƙansa, Ya jiƙan dukkan malamanmu.