Conrad Kilian: Baturen da aka aika neman zumurrudu, ya dawo da labarin mai da ruwa

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin rijiya a ƙasar Dakoro, ko Kornaka, ko can wajen kwarin Tarka, ya san yadda ruwa yake da nisa a wajenmu. Akwai rijiyar da sai an ɗaura wa raƙumi ko sa igiya, ya yi ta tafiya har ya yi nisa kafin wasaki ya leƙo baki. To, dutsen yashin nan da yake riƙe da ruwan a can ƙasa yana da suna a takardun masu haƙar fanfo, kuma wanda ya raɗa masa sunan wani Bafaranshe ne mai suna Conrad Kilian. Shi za mu duba a yau, domin rayuwarsa da mutuwarsa sun fi kama da littattafan nan na ban al'ajabi, waɗanda ake bin sawun dukiyar da ke ɓoye a cikin ƙasa, a ƙarshe a tarar da gawa.

An haifi Kilian ranar 25 ga watan Agusta na shekarar 1898 a yankin Ardeche da ke kudancin Faransa. Mahaifinsa, Wilfrid Kilian, babban malami ne na ilmin duwatsu da ƙasa a jami'ar birnin Grenoble, saboda haka yaron ya tashi a gidan da ake juya tsakuwa a hannu kamar yadda 'yar mai hatsi take tashi tana sanin gero mai kyau tun daga ɗibarsa. Ya yi aikin soja a Yaƙin Duniya na Farko, ya dawo gida yana saurayi mai zafin kai, wanda zama wuri ɗaya ba ya yi masa daɗi.

A wancan lokaci kuwa Faransawa sun haukace da labaran hamada. A shekarar 1919 wani marubuci mai suna Pierre Benoit ya fitar da littafin ƙagaggen labari, L'Atlantide, wanda ya ƙunshi wata sarauniya da ke ɓoye a cikin duwatsun Ahaggar, a kudancin Aljeriya ta yanzu, tana hallaka duk sojan da ya faɗa hannunta. Littafin ya yi kasuwa ƙwarai. Ban da shi akwai wata tsohuwar jita-jita, cewa ayarin Kanar Flatters, wanda Abzinawan Ahaggar suka kashe a shekarar 1881 lokacin da yake neman hanyar da za a shimfiɗa dogo ya ratsa Sahara, ya ga duwatsun zumurrudu a kan hanya, irin waɗanda aka ce mutanen farko na ƙasar Fazzan suna fatauci da su. Wannan magana ce ta sa wasu masu neman arzikin dare ɗaya suka haɗa tafiya, suka ɗauki Kilian a matsayin masanin duwatsu. Ya shiga hamada a farkon shekarar 1922, yana ɗan shekara 23.

Zumurrudu dai ba a same shi ba. Binciken da aka yi daga baya ma ya nuna cewa koren dutsen da mutanen da suke saye da sayarwa wani iri ne mai araha da ake fafe shi a yi duwatsun wuya. Tafiyar ta watse, amma Kilian bai dawo hannu biyu ba. Yayin da abokan tafiyarsa suke neman abu mai walƙiya, shi baƙin dutse mara kyan gani ya tsaya yana dubawa a tsaunukan Tassili, mai ɓarewa falle-falle kamar takarda. A jikinsa ya ga zanen wasu ƙananan halittu masu kama da haƙoran zarto, waɗanda a cikin teku kawai suka taɓa rayuwa, sama da shekara miliyan 400 da suka wuce. Ma'anar haka ita ce, inda raƙuma suke mutuwa da ƙishirwa a yau, a da can gindin teku ne.

Bari mu ɗan tsaya a nan, domin nan ne gishirin labarin yake. Mata masu yin man gyaɗa sun san cewa mai ba ya fita sai an soya gyaɗa, an niƙa, an yi ta matsa tunkuza. Haka ƙasa take yi. Ƙananan halittun teku suna mutuwa su kwanta a cikin laka, yashi da taɓo su yi ta taruwa a kansu shekaru miliyoyi, zafin cikin ƙasa ya dafa su, nauyin da ke sama ya matse su, sai mai ya tsattsafo. Daga nan sai ya haura ya shige cikin dutsen yashi, wanda yake shan sa kamar soso. Idan aka yi dace akwai yumɓu mai tauri a sama wanda ya rufe shi kamar murfin tukunya, to man zai zauna nan har ranar da aka huda. Kilian ya ga lakar, ya ga soson, ya ga murfin. Tun daga wannan tafiya ya fara faɗa wa mutanensa cewa akwai man fetur a ƙarƙashin Sahara. A shekarar 1925 ya buga littafin tafiyar tasa, a shekarar kuma mahaifinsa ya mutu.

Daga nan hamada ta zama gidansa. Shekara da shekaru yana yawo a kan raƙumi, da rawani da takobi irin na Abzinawa, daga shi sai jagora, yana ratsa Ahaggar, da Tassili, da iyakar Fazzan, da Tenere, har zuwa Azbin. Marubutan tarihinsa sun ce har tutar kansa gare shi wadda ake riƙe masa, kamar wani basarake. Wannan hali ya sa manyan ofisoshin Paris suka ɗauke shi mutum mai taɓin hankali, ga shi kuma ba ya iya lallashin manya, in ya ga kuskure sai ya faɗa ko a gaban wa.

A shekarar 1931 ne ya yi aikin da ya shafe mu kai tsaye. Ya lura cewa teku ta rufe Sahara, ta janye, sannan bayan dogon zamani ta sake dawowa. A tsakanin zuwan nan biyu, manyan koguna sun yi ta zuba yashi da tsakuwa a kan tudu, har suka tara shimfiɗa mai kaurin gaske. Wannan shimfiɗa ya kira Continental intercalaire, wato ƙasar tudu da ta shiga tsakani. Wadda ta taru bayan teku ta tafi gaba ɗaya kuma ya kira ta Continental terminal. Har yau da waɗannan sunaye masana suke aiki. A cikin shimfiɗar tsakiyar nan ne ake samun itatuwan da suka zama dutse, da ƙasusuwan manyan dabbobin farko da aka tono a Gadoufaoua da wajen Ingal, waɗanda wasunsu suke gidan tarihi na Boubou Hama a Yamai. Ita ce kuma take riƙe da ruwan da ke ƙarƙashin jihohin Maraɗi da Tawa, ta ratsa har ƙasar Sakkwato da gabashin Mali. Yawancin ruwan nan tsoho ne, ya taru tun zamanin da ake samun damina mai yawa a ƙasashen nan, kuma abin da yake komawa ciki kowace shekara kaɗan ne. Don haka duk jarkar da aka cika a fanfon Dakoro, daga tsohon rumbu aka ɗebo ta.

Da Yaƙin Duniya na Biyu ya zo, sai labarin ya juya ya zama na tsoro. A shekarar 1943 Kilian yana Azbin, ƙasar da aka san ta da kuza da wani ƙarfe mai nauyi da ake kira wolfram, wanda ake ƙarfafa makamai da shi, kuma duk masu yaƙi suna nemansa ido rufe. Kamar yadda marubutan tarihinsa suka ruwaito, ya gano ana haƙar ma'adinin a ɓoye ana fitar da shi ta kudu, ya kai rahoto, ba a daɗe ba aka kashe jagoransa, shi kuma ya kwanta ciwo mai tsanani wanda ya yi imani guba aka sa masa. Tun daga lokacin bai sake samun cikakkiyar lafiya ba, bai kuma sake yarda da kowa ba.

A farkon wannan shekara ta 1943 sojojin Janar Leclerc, waɗanda suka taso daga Cadi, suka ƙwace Fazzan daga hannun Italiya. Kilian ya dage cewa kada Faransa ta saki wannan yanki, saboda man da ya tabbata yana ƙasa, ya yi ta rubuta takardu yana bin ofis-ofis. Leclerc yana cikin 'yan kaɗan da aka ce sun saurare shi. Sai ga shi ranar 28 ga Nuwamba 1947 jirgin saman Leclerc ya faɗi kusa da Colomb-Bechar a Aljeriya, babu wanda ya tsira. Abin da ya ƙara rura wutar zance shi ne rahoton da ya ce an tsinci gawa 13, alhali mutum 12 ne a rubuce. Kilian ya rasa babban majinginarsa. Ya koma Faransa yana faɗa wa abokai cewa 'yan leƙen asirin ƙasashen waje da 'yan koren kamfanonin mai suna bin sa, ana shiga ɗakinsa ana binciken takardunsa. Wasu suka gaskata shi, wasu suka ce ciwon ne ya taɓa masa kai.

A ƙarshen watan Afrilu na shekarar 1950 aka tarar da gawarsa a rataye a jikin mariƙin taga, a wani ɗakin haya a Grenoble. Yana da shekara 51, ba mata, ba dukiya. Hukuma ta rufe magana a kan cewa shi ya kashe kansa. Abokansa suka ƙi yarda, suna cewa mariƙin tagar bai kai tsawonsa ba, kuma akwai raunuka a jikinsa. A kan wannan saɓani aka tsaya har yau.

Abin da ba a saɓa a kansa ba shi ne abin da ya biyo baya. Libiya ta sami 'yancin kai ranar 24 ga Disamba 1951, Fazzan ta tafi tare da ita. A watan Janairu na 1956 mai ya ɓulɓulo a Edjeleh, dab da iyakar Aljeriya da Libiya, a yankin da Kilian ya sha takawa da raƙuminsa. A cikin shekarar kuma aka samu na Hassi Messaoud, wanda ya zama babbar rijiyar arzikin Aljeriya. Shekara shida kacal bayan binne mutumin da ake yi wa dariya. Daga nan sai aka tuna da shi. Euloge Boissonnade ya rubuta tarihinsa a littafi, a shekarar 1983 kuma talabijin ɗin Faransa ya nuna wasan kwaikwayo mai kashi-kashi a kan rayuwarsa, da sunan mahaukacin hamada. Wanda labaran ƙage suka tura cikin hamada, shi ma ya koma labari.

To, a nan ya kamata mu faɗi gaskiya. Kilian bai yi wahalar nan don Abzinawa ko Hausawa ko Tubawa ba. Ɗan mulkin mallaka ne, burinsa ƙasarsa ta riƙe hamada da abin da ke cikinta. Rijiyoyin da ya sha, da hanyoyin da ya bi, jagororinsa 'yan ƙasa ne suka nuna masa, amma taswirar da aka zana sunansa take ɗauke da shi, a Paris kuma aka ajiye ta. Kowane ɗan kasuwa ya san abin da ke faruwa idan mai saye ya fi mai kaya sanin darajar kayan: dillali ne yake cin riba, mai akuya ya koma gida da igiya. Haka aka yi da mu. An gano yuraniyom a arewacin ƙasarmu a shekarar 1957, aka fara haƙarsa a Arlit a 1971, kuma waɗanda suka riƙe ilmin su ne suka daɗe suna yanka farashi. Man Agadem bai fara fita ba sai 2011, lokacin da aka buɗe matatar Damagaram. Da zinariya ta ɓulla a Djado a 2014, mun ga yadda samari suka sayar da bisashe da jarin shago suka yi arewa. Wasu sun samu, da yawa sun dawo da bashi, wasu ba su dawo ba. Su ma abin walƙiya suka bi, kamar abokan tafiyar Kilian na farko.

Shi ya sa muke kira ga iyaye, musamman ku mata da kuke biyan kuɗin makarantar yara da cinikin ƙuli-ƙuli da tuwo-tuwo, idan yaro ko yarinya suka nuna sha'awar karatun ƙasa da duwatsu, kada a ce wasa ne da tsakuwa. Akwai makarantar ma'adinai ta EMIG a Yamai, akwai jami'o'i a Maraɗi da Agadas. Ranar da za a zo haƙa fanfo a unguwarku kuma, ku tambayi mita nawa aka yi, a wace shimfiɗa aka tarar da ruwa, ku nemi a bar wa kwamitin ruwa kwafin takardar. Ita za ta yi muku amfani ranar da fanfon ya lalace, ko wani ya zo yana neman kuɗin sabon haƙa.