Alhaji Alhassan Ɗantata: Marayan Bebeji Da Ya Zama Uba Da Kaka

  

Ya kai saurayi Musulmi, kai da ke kai da komowa a Titin Ibrahim Taiwo, daga Kantin Kwari zuwa cikin Fagge, ko ka gangara Sabon Gari kana neman na kanka, ga tarihin wani bawan Allah da ya riga ka shiga wannan nema. Sunansa ka san shi, watau Alhaji Alhassan Ɗantata. To, ka natsu ka ji yadda ya fara, da abin da ya bar wa 'ya'ya da jikoki, don ka auna abin da kai za ka bar wa naka.

An haife shi a Bebeji cikin shekarar 1877. Iyayensa Agalawa ne, fatake masu zuwa Gwanja sayo goro. Mahaifinsa Abdullahi madugu ne, mai jagorar ayari. Yana da kamar shekara 8 mahaifin ya rasu. Mahaifiyarsa, wadda ake kira Amarya, ita ma 'yar kasuwa ce, ta tashi ta koma Ankara, a ƙasar da ake kira Gana yau. Aka bar yaron a hannun wata tsohuwa mai suna Tata, ta riƙe shi, har aka riƙa ce masa Ɗan Tata. Ka gani, sunan da ya cika duniya sunan wata baiwar Allah ce da ta riƙi maraya. Kada ka raina alherin da ka yi wa maraya, ba ka san inda Allah zai kai shi ba.

Ya yi karatun allo kamar kowane almajiri, yana 'yan aikace-aikace don ya ci da kansa. An ruwaito tun a lokacin yake da asusu, ɗan abin da ya samu ya ci kaɗan ya jefa saura. Ana nan sai Yaƙin Basasa ya ɓarke a Kano cikin 1893, tsakanin Sarki Tukur da Yusufawa. Agalawa suka goyi bayan Tukur, aka ci su, aka kama Alhassan da 'yan'uwansa, sai da fansa suka kuɓuta. Maraici, talauci, kamu, duk ya ɗanɗana tun bai cika shekara 20 ba. Kai da kake cewa ba ka da uban da zai tsaya maka, ba ka da jari, ka dubi wannan.

Ya bi sana'ar iyayensa ta fataucin goro. Amma shi mutum ne mai lura da zamani. Da ya ga jiragen ruwa na tafiya tsakanin Ankara da Ikko, sai ya riƙa ɗora kayansa a kansu, tafiyar da ayari ke yi wata da watanni shi ya gama ta cikin ɗan lokaci. Turawa suka ci Kano a 1903, jirgin ƙasa ya iso a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe. A 1918 kamfanin Neja ya neme shi ya riƙa sayo masa gyaɗa. Ya baza yaransa ƙauyuka, yana ba su kuɗi a hannu bisa amana, su sayo su kawo. Dalar gyaɗa da ka ji ana labari, wadda ta sa aka san Kano har ƙasashen Turai, hannunsa na ciki dumu-dumu. A 1929 da aka buɗe banki a Kano, kuɗin azurfa ya kai ajiya, kayan raƙumi 20.

To, a nan sai ka tsaya ka yi tunani. Mutumin da zai miƙa wa yaro kuɗi ya tafi ƙauye, ba sojan da zai bi shi, me ya riƙe cinikin? Amana. Manomi ya yarda da awo, ɗan aike ya yarda da ubangida, ubangida ya cika alkawari. Abin da Musulunci ya zo da shi ke nan. Sura guda aka saukar, Suratul Muɗaffifina, ta buɗe da gargaɗin masu tauye mudu. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, cikin Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi take. Yau fa? A kasuwanninmu sai ka ga yaro ya rantse da Allah sau goma a kan yadi ɗaya, ya sayar da jabu da sunan na ainihi, ya karɓi kayan ubangida ya ɓace. Sa'an nan ya ce kasuwa ba albarka. Ina albarka za ta fito?

Dukiya ba ta hana shi addininsa ba. A farkon shekarun 1920 ya sauke farali, ta jirgin ruwa, zamanin da zuwa Makka ke cin watanni. Ya biya wa waɗansu suka je, yana ciyarwa, yana taimakon malamai da mabukata. 'Ya'yansa kuwa bai bar su su miƙe ƙafa su ci ba. Ya sa su karatu, ya jawo su cikin kasuwa tun suna ƙanana, Ahmadu, da Sanusi, da Mamuda, da Aminu, da sauransu.

Da ciwon ajali ya kama shi a 1955, ya tara 'ya'yansa ya yi musu wasiyya su haɗa kai, kada su bari abin da ya gina ya watse, su riƙe zumunci. Ya rasu ran 17 ga Agusta, 1955, aka binne shi a gidansa a unguwar Sarari. A lokacin ana lissafa shi wanda ya fi kowa dukiya a Afirka ta Yamma. Allahu Akbar! Da me ya tafi? Likkafani. Raƙuma 20 ɗin nan ko ɗaya bai bi shi ba.

Amma dubi abin da ya bari. Sanusi ya riƙe kasuwa har ya rasu a 1997. Aminu ya yi tsawon rai ana cin moriyarsa, ya rasu a 2025 aka binne shi a Madina. Aliko Ɗangote jikan Sanusi ne ta wajen uwa. Sau nawa ka ga attajiri ya mutu a garin nan, kafin shekara ta zagayo 'ya'ya suna gaban alƙali, gida ya zama kango? Shi kuwa shekara 70 bayan rasuwarsa gidansa na tsaye. Tarbiyya ce ta riƙe dukiyar.

Hadisin da Muslim ya ruwaito ya karantar da mu cewa aikin mamaci yana yankewa, sai sadaka mai gudana, da ilmi mai amfani, da ɗa nagari mai yi masa addu'a. Saboda haka in mahaifinka ko kakanka ya rasu, kada ka ɗauka tuna shi shi ne dafa shinkafar uku da bakwai da arba'in, wadda ba ta da asali a Sunna, wani lokaci ma da dukiyar marayu ake yin ta. Haka kuma ba a zuwa kabarinsa don roƙon biyan bukata, shi ne ke bukatar addu'arka. Ka biya masa bashi, ka zartar da wasiyyarsa, a raba gado yadda Allah ya raba, mata su sami rabonsu cif. Ka ziyarci abokansa, ka riƙe 'yan'uwansa, ka roƙa masa gafara bayan kowace salla.

In kuwa yana da rai, maza ka kyautata masa tun ƙasa ba ta rufe idonsa ba. Kai ma gobe uba ne, jibi kaka. Abin da kake yi yau a bakin kanti, shi za a ba jikokinka labari.

Allah ya ji ƙan Alhaji Alhassan Ɗantata, ya gafarta masa kurakuransa, da iyayenmu da kakanninmu baki ɗaya. Allah ya ba mu halal mai albarka, ya sa mu cika da imani. Amin.