Jakadan Amurka na Farko a Nijeriya: Taƙaitaccen Tarihin Joseph Palmer (1914–1994)

Gabatarwa

Ni haifaffen Ƙofar Ran ne a cikin garin Bauchi, kuma tun ina yaro nake wucewa ta gefen kabarin marigayi Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa. Da na shigo jami'a sai na kalli tsohon fim ɗin ziyarar da ya kai Amurka a watan Yulin 1961, inda Shugaba Kennedy ya karɓe shi, ya kuma yi jawabi a Majalisar Wakilan ƙasar. Sai tambaya ta faɗo mini: wane ne wakilin Amurka a Legas lokacin da aka shirya wannan tafiya? Amsar ita ce Joseph Palmer, jakadan Amurka na farko a Nijeriya. A wannan maƙala zan kawo taƙaitaccen tarihinsa, domin ina ganin akwai darasi a ciki ga ɗalibin harshe.

Haihuwarsa da Farkon Aikinsa

An haifi Palmer a birnin Detroit a shekarar 1914. Ya kammala Jami'ar Harvard a 1937, sannan ya shiga aikin jakadanci a 1939. Daga ƙasa ya faro. An fara tura shi birnin Meziko a matsayin ƙaramin jami'i, daga nan aka mayar da shi Nairobi a 1941, inda ya zauna har 1945, wato ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu. A can ya fara sanin Afirka da mutanenta, tun ana tsakiyar mulkin mallaka.

Bayan yaƙi ya yi aiki a sashen Afirka na Ma'aikatar Harkokin Waje a Washington, ya kuma yi aiki a ofishin jakadancinsu na Landan. A 1958 aka tura shi Salisbury, wadda a yau ake kira Harare, ya shugabanci ƙaramin ofishin jakadancin Amurka a can. Hausawa na cewa sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba. Shekara 21 ya yi yana hawan tsani kafin a kira shi jakada.

Zamansa a Nijeriya

Da Nijeriya ta sami 'yancin kai ranar 1 ga Oktoba, 1960, Shugaba Eisenhower ya naɗa Palmer jakada, ya riƙe muƙamin har farkon 1964. Aikin ba mai sauƙi ba ne. Zamani ne na Yaƙin Cacar Baka, Amurka da Tarayyar Sobiyet kowa na zawarcin sababbin ƙasashen Afirka. Ita kuwa gwamnatin Ɓalewa, ko da yake tana ɗasawa da ƙasashen Yamma, ba ta son a ce ta zama 'yar amshin shatan kowa.

A zamaninsa ne Firayim Minista ya kai waccan ziyara ta 1961. A ƙarshen shekarar kuma Amurka ta yi alkawarin dala miliyan 225 domin tallafa wa shirin raya ƙasa na 1962 zuwa 1968. Har ila yau, a shekarar ce matasan Amurka 'yan sa-kai na shirin Peace Corps suka fara zuwa koyarwa a makarantunmu. Ba a daɗe ba sai ga tangarɗa: aka tsinci wani katin wasiƙa da ɗaya daga cikinsu ta rubuta tana bayyana talauci da ƙazantar da ta ce ta gani. Ɗaliban Kwalejin Jami'a ta Ibadan suka harzuƙa, suka yi zanga-zanga. 'Yan layuka kaɗan suka nemi rusa abin da aka daɗe ana ginawa. Yarinyar ta bar ƙasar, ƙura ta lafa, shirin ya ci gaba. Lallai magana zarar bunu ce.

Lokacin Yaƙin Basasa

Bayan ya koma gida, Palmer ya zama Babban Daraktan ma'aikatan jakadancin Amurka daga 1964 zuwa 1966. Watanni kaɗan bayan kisan Ɓalewa a juyin mulkin Janairun 1966, sai aka ba shi muƙamin mataimakin sakataren harkokin waje mai kula da Afirka, ya riƙe har 1969. Ke nan yaƙin basasarmu, wanda ya ɓarke a Yulin 1967, a kan teburinsa ya faɗo.

Matsayin da Amurka ta ɗauka shi ne: ta amince da Nijeriya ɗaya, ba ta amince da Biyafara a matsayin ƙasa ba, ta ƙi sayar wa kowane ɓangare makamai, amma ta ba da agajin abinci da magani. Wannan bai gamsar da kowa ba. Gwamnatin Gowon ta ji haushin hana ta makamai, ta sami nata daga Birtaniya da Tarayyar Sobiyet. Magoya bayan Biyafara a Amurka kuwa suka zargi ma'aikatarsa da rufe ido ga yunwar da ke kashe yara. Palmer ya sha suka gaba da baya.

Ƙarshen Aikinsa

A 1969 aka tura shi Libiya, ya isa jim kaɗan bayan Gaddafi ya hamɓarar da Sarki Idris. Sabuwar gwamnati ta nemi Amurka ta kwashe sojojinta daga sansanin Wheelus da ke kusa da Tarabulus. Palmer ne ya jagoranci tattaunawar, aka miƙa sansanin a Yunin 1970 ba tare da yaƙi ba. Ya bar Libiya a 1972, ya rasu a 1994 yana da shekara 80.

Kammalawa

Ban kawo wannan tarihi don in wanke Palmer ba. Jakada ɗan aike ne, muradin ƙasarsa yake karewa, ba namu ba. Abin da na tsinta shi ne, duk tsawon aikinsa ba shi da wani makami sai harshe: sanin abin da za a faɗa, da wanda za a haɗiye, da lokacin da ya dace. Mu da ake yawan tambayarmu me za mu yi da digirin harshe, ga amsa ɗaya. Yanzu idan na wuce ta kabarin Ɓalewa, nakan tuna cewa shi ma malamin makaranta ne wanda iya magana ta kai shi gaban majalisun duniya.